Sallau Mai Sitiyari

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

A Gangaren Kuka, wani ƙauye da ke bakin fadama, akwai wata mata ana ce mata Kande. Mijinta Malam Ilu ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, da gona, da wata tsohuwar akori-kura shuɗiya wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an taimaka mata da kafaɗa. Da aka zo rabon gado, gona ta faɗa hannun wan marigayin, Alhaji Cindo, mota kuwa ta faɗa wa Kande da 'ya'yanta. Da motar nan ake ci, da ita ake sha. Ita ke kwasar tumatir da albasa daga fadama zuwa kasuwar Tudun Maƙera, kuma duk ranar da ba ta fita ba, tukunyar gidan sai ta sani.

Direban motar ƙanin Kande ne, Sallau. Shi Sallau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ɗauki alhakinsa. Yana salla a kan lokaci, ba ya ƙarya, ba ya zagi. Ciwonsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ba tambayar dalili. Tun yana saurayi Kande ta taɓa barin sa da tukunya, ta ce kada ya bari wuta ta mutu kafin ta dawo. Ta daɗe a gidan suna, ta dawo ta tarar itace ya ƙare, ya shiga zare karan danga yana turawa a murhu. Amma a tuƙi wannan ciwon ya yi rana. Marigayi ya nuna masa wani wuri a agogon gudu ya ce kada allura ta wuce nan, har yau kuwa ba ta wuce ba, ko da masu keke na wuce su suna ɗaga hannu.

Damuwar Kande ta gaske ba Sallau ba ne, Alhaji Cindo ne. Mutum ne mai son aro, aronsa kuwa ba ya sanin hanyar gida. Ya ari injin ban-ruwan marigayi, ya ari keken ɗinkin Kande wai 'yarsa ta koya, shekara ta zagayo ba labari. Kande ba ta iya ce masa a'a. Wan miji ne, shi ne uban 'ya'yanta yanzu, shi zai ba da aurensu. Ko ido ba ta haɗawa da shi, balle ta buɗe baki ta tambayi kayanta. Ta kuma lura duk sanda ya zo gaisuwa, da ita yake magana amma motar yake kallo, kuma wannan kallon yana hana ta sukuni.

Wata rana Malam Haladu, wakilin kamfanin da ke yi wa motar inshora, ya zo a kan babur ɗinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ce daga farkon wata mai kamawa kamfaninsu zai canza sharuɗɗa. Akwai na dole, wanda ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani. Sauran kuwa zaɓi ne, kowa da ƙarfin aljihunsa: akwai na ɗaukar mutane, akwai na gobara, akwai wanda suke kira kowa-ya-tuƙa. Kande ta ga maganar ta fi ƙarfin kai ɗaya, sai ta ƙwala wa Sallau kira ya zo ya taya ta ji. To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sallau ya durƙusa ya kafe Malam Haladu da ido, leɓɓansa na motsi, yana haddace magana tiryan-tiryan. Kande ta ce ita dai a bar ta a na dole, sauran sai ta yi shawara. Malam Haladu ya ce ba laifi, yana miƙewa ya ƙara da cewa gara dai su fara sabawa tun yanzu, kada ranar ta zo musu ba shiri.

Sallau ya gyaɗa kai ya ce, "Tun yanzu."

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Alhaji Cindo. Ya tako har gida ya ba Kande shawara ta ɗauki na kowa-ya-tuƙa, saboda halin yau da gobe, kada wata rana a buƙaci mota a rasa mai hurumin jan ta. Kande ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." A ranta kuwa ta san wane ne kowan.

Wata rana, ranar kasuwa ce, an gama loda kwandunan tumatir, Kande ta yafa mayafi ta zagayo za ta shiga gaba kamar kullum, sai ta ji ƙofa a kulle daga ciki. Sallau ya sauke gilashi kaɗan, ya ce Malam Haladu ya ce a ƙarƙashin na dole motar kaya ce, ba ta ɗaukar kowa sai direba.

"Sallau, motar wa ce?"

"Taki ce, Yaya."

"To buɗe min."

"Ke kaya ce, Yaya?"

Ta yi masa bayani sharuɗɗan ba su fara aiki ba tukuna, ya ce ai an ce tun yanzu. Ta lallasa, ta zaga, ta haɗa shi da nonon da suka sha, ya ce duk gaskiya ne amma ita ba kaya ba ce. Rana na ɗagawa, tumatir kuwa ba ya jiran shari'a. Dole ta tsayar da ɗan acaɓa ta hau, ta ce ya bi bayan motar. Da yake allurar Sallau ba ta wuce inda marigayi ya nuna ba, ɗan acaɓan ya yi ta jan ƙafa a ƙasa yana tsaki, duk wanda ke kan hanya ya more kallo. Da suka isa kasuwa mata suka kewaye ta suna jaje, suna tambaya yaushe ta sayar da motar. Ranar ko ruwa ba ta sha ba sai da ta buga wa Malam Haladu waya ta ce ya sa mata na ɗaukar mutane.

Wata rana bayan wannan, Kande ta shiga gaban mota ta zauna da ƙarfinta, ta ja ƙofa da kafaɗa, ta ce bismilla. Sallau ya riƙe sitiyari bai tayar ba. Ta dube shi, ya dubi hanya. Da ta tambayi abin da ake jira, ya ce Malam Haladu ya faɗa masa da bakinsa, sabon zaɓin na direba ne da mutum biyu, ita kuwa mutum ɗaya ce. Ta ce biyun nan iyaka ce, ba wajibi ba. Ya ce shi dai biyu ya ji. 'Yan matan sun tafi makaranta, maƙwabta suna fadama, unguwa tsit. Suna nan zaune cikin zafi har sai ga Mudi wanzami tafe da zabirarsa, zai je aski can gabas, su kuwa yamma suka nufa. Sallau ya fita ya tare shi ya ce ya shigo don Allah a cika. Mudi ya ce shi ba can zai je ba, Kande ta cije ta ce ya shigo, abincin ranarsa a wuyanta. Mudi bai sake gardama ba. Tun daga ranar, duk safiyar kasuwa sai a gan shi a ƙofar gida ya sha wanka ya ɗaura hula, yana cewa ya zo ne kada a rasa na biyu. Shinkafa da wake yake ci, kuma ba ya ci sai da kifi.

Wata rana suna shiga ƙofar kasuwa, inda hanya ta tsuke ba ta ɗaukar mota biyu, wani rago da ya tsinke igiya ya ga inuwarsa a jikin ƙofar mota, ya ja da baya ya kai mata karo. 'Yar lotsawar da ta yi ba ta fi tafin jariri ba. Sallau ya taka birki, ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya ce Malam Haladu ya ce in an yi karo kada a motsa mota sai an ɗauki hoto, kuma kada a bar wanda aka yi karon da shi ya tafi sai an san sunansa. Ya fita ya cafke ragon ya ɗaure a bambar motar. Motoci suka yi layi a baya, masu amalanke suka cunkushe a gaba, kasuwa ta tsaya cak. Wayar Kande ba ta ɗaukar hoto, ta Malam Haladu kuma ba ta shiga. Direbobi suka zagi Sallau, suka zagi wanda ya koya masa mota, shi kuwa yana tsaye riƙe da ƙahon rago yana ba su haƙuri da ladabi. Sarkin kasuwa ya zo da kansa ya ce a matsa, Sallau ya durƙusa ya gaishe shi ya ce sai an ɗauki hoto. Kande ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da ƙasa za ta tsage da ta shige. Daga ƙarshe aka samo mai hoton katin makaranta, ya zo ya ɗauki mota, ya ɗauki rago, ya ɗauki mai ragon yana huci, ya ɗauki Mudi wanzami wanda ba wanda ya gayyace shi cikin hoton. Kafin su sauke kaya 'yan sari sun watse, rabin tumatirin ranar sai shanya shi aka yi.

Wata rana kuma Kande na tsakar talge, sai ji ta yi ruwa ya sauka a murhu, toka ta turnuƙe ta. Sallau ne da bokiti. Wai an ce wanda bai ɗauki na gobara ba ya nisanta mota da wuta, ga mota a tsakar gida, ga murhu kusa. Ta ce to ya matsar da motar mana. Ya ce an rubuta a takardar inshora a nan take kwana. Ta koma bayan ɗaki ta kafa duwatsu, ya auna da ido ya ce har yanzu da kusa. Ranar a gidan maƙwabta ta ƙarasa tuwon, washegari ta buga wa Malam Haladu waya ta ce ya sa na gobara. Shi kuwa har da yi mata addu'a, ya ce da duk masu mota na da ƙani irin nata da aikinsa ya yi sauƙi. Kande ta kashe waya ba sallama.

Wata rana Sallau ya fito ya tarar yaran unguwa sun cika gaban mota, wani ya riƙe sitiyari yana juyawa yana ƙugi da baki. Ya tsaya, ya tuno Malam Haladu ya ce in ba a ɗauki na kowa-ya-tuƙa ba, ba mai riƙe sitiyarin nan sai wanda aka rubuta sunansa. Ya kore su, suka dawo. Ya kulle ƙofa, suka zura hannu ta tagar da gilashinta ba ya rufewa ruf. Sai ya ɗauko sufana, ya kwance notin tsakiya kamar yadda marigayi ya taɓa nuna masa, ya zare sitiyarin ɗungurungum ya rataya a kafaɗa. Daga ranar, in mota ta tsaya sitiyari na jikinsa. Da shi yake zuwa shago, da shi yake zuwa majalisa. A masallaci ba ya barin sa wajen takalma, gabansa yake ajiyewa, in wani ya kai hannu zai gyara masa sai ya ce a yi haƙuri ba a rubuta sunansa ba. Har gidan rasuwa ya je da shi, masu zaman makoki suka riƙa cusa fuska a hannun riga. Yara suka sa masa Sallau Mai Sitiyari, suna bin sa suna yi masa ƙarar odar mota da baki.

Wannan kam ya kai Kande bango. Ta yi kuka na takaici, ta ce Allah ya ba kowa ƙani, ita ya ba ta jarrabawa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ƙudura a ranta, ranar ɗaya ga wata in Malam Haladu ya zo, za ta ce ya sa na kowa-ya-tuƙa ɗin, ko ta huta da abin kunya. Ta san ƙofar da za ta buɗe wa Alhaji Cindo ke nan, amma ta gaji.

Alhajin ma bai jira ɗaya ga wata ba. Wata rana da yamma ya yi sallama, ya zauna a zaure, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce yana son aron mota ranar Asabar, zai ɗauko siminti daga birni. Ba sai an wahalar da Sallau ba, yana da direba. Kande tana durƙushe a bakin ƙofa, ta tuna injin ban-ruwa, ta tuna keken ɗinki, ta tuna bakuna uku da ke jiran tuwo. A'a ta taso mata har maƙogwaro, ta tsaya a nan. Abin da ya fito shi ne, "To, Yaya."

Ranar Juma'a da yamma ta kira Sallau. Ta san in yana nan sai ya tsaya yana karanto wa Alhaji sharuɗɗa a gaban jama'a, ya ƙara mata kunya a kan baƙin ciki. Don haka ta tsara masa magana dalla-dalla, yadda ba zai sami inda zai karkace ba. Gobe da sassafe ya wanke mota, ya kai wa Alhaji makulli hannu da hannu, kada ya ce masa komai ban da gaisuwa, daga nan ya wuce Tudun Maƙera a ƙasa ya duba gwaggonsu, kada ya dawo sai rana ta yi sanyi. Ta sa ya maimaita, ya maimaita ba tuntuɓe.

Asabar da hantsi Alhaji Cindo ya iso da wani baƙo mai tabarau da ƙaton agogo, ya ce shi ne direban. Kande ta fito ta gaishe su ta koma gefe. Mudi wanzami na zaune a dakali yana yi wa mai unguwa gyaran fuska, wasu maƙwabta na jiran layi. Motar ta sha wanki tana ƙyalli, Kande ta dube ta kamar mai sallama da ɗan'uwa. Baƙon ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, abin da ya ba ta mamaki, don ba ta taɓa ganin mai ɗauko siminti yana duba mota haka ba. Ya karɓi makulli ya buɗe ya zauna, ya kai hannu biyu gaba, ya kama iska. Sandar ƙarfe ce kawai ta zuro tana kallon sa.

Kande ta gane nan take. Ta fara haɗa kalmomin ban-haƙuri, tana tsine wa ranar da ta kira Sallau zaure. Amma baƙon ya riga ta. Ya fito ya bugo ƙofa, ya cire tabarau, ya ɗaga murya yadda duk layin ya ji.

"Alhaji, haka muka yi da kai? Ka ce min motarka ce, lafiyarta ƙalau, ba abin da babu. Na baro birni na zo ɗaukar motar da na saya, ka miƙo min mota ba sitiyari? In haka kuke ciniki a garin nan, na fasa."

Askar Mudi ta tsaya a gemun mai unguwa. Alhaji ya yi ta yi wa mutumin alama da ido, ya ja hannunsa wai su koma gefe, mutumin ya fizge ya ƙara maimaitawa, har da ranar da suka yi cinikin da shagon da suka zauna. Mai unguwa ya miƙe da kumfa a rabin fuska, ya tambayi Alhaji a hankali ko ba motar da aka raba wa marayu a gabansa ba ce wannan. Alhaji ya ce ai gyara yake so ya yi musu, ya sayar ya juya musu kuɗin. Mai unguwa ya tambaya ko uwarsu ta sani. Aka juyo ana kallon Kande. Kanta na ƙasa kamar kullum, sai dai hawaye da ke ɗiga a kan mayafi, kuma wannan ya ishi kowa amsa. Mai unguwa ya karɓi makulli daga hannun baƙon ya miƙa mata, ya ce wa Alhaji su haɗu a zaurensa bayan azahar, ya kuma zo da tunanin duk wani aro da ke wuyansa. Mudi kuwa ko ladan askinsa bai tsaya karɓa ba, ya rataya zabira ya shiga gari, kafin azahar ko kurma ya ji labari.

Da rana ta yi sanyi sai ga Sallau tafe, ƙafafu furu-furu, sitiyari a kafaɗa, ƙullin daddawa daga gwaggo a hannu. Ya ga mota a inda ya bar ta, ya ga idon yayarsa ja. Ya durƙusa tun daga nesa.

"Na wanke ta, Yaya. Na ba shi makulli hannu da hannu. Ban ce masa komai ba."

"Sitiyarin fa?"

"Makulli kika ce. Kuma ba a rubuta sunansa ba."

Kande ta dube shi. Shekara da shekaru tana neman bakin da za ta faɗi wannan maganar ta rasa, ga shi ta fito daga bakin wanda gari ke yi wa dariya. Ta ce ya tashi ya wanke ƙafa, ta zuba masa tuwo, ta tsamo naman da ke cikin miyar duka ta ɗora masa. Sallau ya dubi kwanon ya dube ta, ya tambaya ko an ce ya cinye ne. Ta ce ya cinye.

Washegari aka ga wasu almajirai sun turo keken ɗinkinta daga gidan Alhaji a baro sun ajiye a zaure, ba saƙo ba sallama. Injin ban-ruwa ya biyo baya da kwana biyu.

Ranar ɗaya ga wata Malam Haladu ya zo da fara'arsa, ya ce saura zaɓi ɗaya ya rage, na kowa-ya-tuƙa, ya ji an ce Sallau na shan wahala da dakon sitiyari, sa wannan zai raba su da fitina. Kande tana kan keken ɗinki, ba ta ɗaga ƙafa daga feda ba.

"Bar shi yadda yake, Malam. Sunan Sallau, shi kaɗai."

Ta yanke zare da haƙori, ta kakkaɓe abin da ta ɗinka. Jaka ce zagayayya ta shuɗin yadi, da maratayi mai faɗi don kada ya ci kafaɗa. Ta miƙa wa Sallau, ya zura sitiyarin ya shiga daidai, ya rataya ya nufi masallaci.

Nan na baro su, wanda bai yarda ba ya je Gangaren Kuka ya duba sahun gaba.